Daga Motar Kara Zuwa Motar Sulke: Abin Da Rula Ke Ƙara Wa Wasan Yara

Idan kaka ta yi a Masama, cikin ƙaramar hukumar Gwandu, aka girbe gero da dawa aka kai rumbu, abin da ke saura a gona shi ne kara. Manya na ɗibarsa don darni da zana da makamashi. Yara kuwa nasu rabon daban ne. Sai ka ga an zauna gindin bishiya da reza, ana feƙe ɓawon kara, ana yanka totuwa gunduwa-gunduwa, ana soka wannan cikin wancan. Kafin la'asar mota ta fito, da tayoyinta na tsohon silifa da doguwar sanda ta tuƙi.

Mu ma da muke rubuta wannan shafi haka muka taso. Mun ƙera motar kara, mun ƙera ta langa-langa, mun fasa gwangwanin madara mun yi tifa. Abin da ba mu sani ba a lokacin shi ne, akwai manyan mutane a Japan da Ingila da Amurka da ke yin irin wannan aiki har tsufansu, suna haɗa ƙananan tankokin yaƙi da motocin soja, su yi musu fenti, su sa musu ƙura da tsatsa har ka rantse daga fagen daga suka fito. Hannunsu bai fi na yaron Masama ko na Kalgo ba. Abu biyu suka fi mu da shi: awo da lura. Su ne za mu duba a wannan mako.

Yadda abin yake a wasu ƙasashe

A can ana sayen kayan ne a kwali. Kamfanin Airfix na Ingila ya fara da ƙaramar tarakta samfurin Ferguson a 1949, daga baya ya shiga jiragen sama da tankoki. Kamfanin Tamiya da ke birnin Shizuoka a Japan shi ya yaɗa ma'aunin da masu haɗa motocin soja suka fi amfani da shi a yau, wato 1:35. Mai saye zai tarar da gutsattsarin roba masu yawa a jere, da takardar da ke nuna inda kowanne zai shiga. Ya yanke, ya goge, ya manna, sannan ya shiga fenti.

Irin wannan kwali ba a samunsa a kasuwannin ƙauyukanmu, in ma an samo shi daga waje kuɗinsa ya fi ƙarfin ɗalibi. Wannan bai dame mu ba. Ko a can ɗin, wanda ya ƙera tasa daga tushe, ba tare da kayan kwali ba, ana girmama shi ƙwarai. Abin da muke yi da kara tun muna yara ke nan.

Mene ne 1:35?

Kun san ma'aunin taswira a darasin labarin ƙasa. Wannan ma haka yake. Idan aka ce 1:35, ana nufin kowace santimita 1 a jikin ƙaramar motar tana wakiltar santimita 35 a jikin ta gaske.

Mu ɗauki Toyota Hilux mai ƙofa huɗu, wadda kowa ya saba gani da jami'an tsaro a hanyar Birnin Kebbi. Tsawonta ya kai kimanin mita 5.3, wato santimita 530. Faɗinta kimanin santimita 185 ne. Raba kowanne da 35, za ka samu tsawo santimita 15, faɗi kuma santimita 5 da ɗan ɗori. Tayarta, wadda ta kusa santimita 78 daga ƙasa zuwa sama, za ta dawo santimita 2.2.

A nan ne muka taɓa yin kuskure. Mun yanka jikin mota a kan 1:35, muka ɗauko murafen kwalbar lemo muka yi tayoyi da su. Murfin kwalba ya kai kimanin santimita 3. Da muka gama, sai motar ta fito kamar yaro ya sa takalmin babansa. Kwana uku muka yi muna aikin, ƙanen ɗaya daga cikinmu ya kalle ta sau ɗaya ya ce tarakta ce.

Darasin da muka koya shi ne, ka fara da abin da ba za ka iya canza girmansa ba. Idan murfin kwalba ne tayarka, raba 78 da 3, za ka samu 26. To sai ka ɗauki 1:25 don lissafi ya yi sauƙi. Yanzu tsawon motarka zai zama santimita 21, faɗinta 7 da rabi. Duk abin da za ka ƙara, ƙofa ce ko fitila ko mutumin da ke tsaye a baya, da 25 za ka raba shi. Soja mai tsawon santimita 175 zai zama santimita 7. Wanda ya yi wannan lissafi sau goma da hannunsa, tambayar kason lissafi ba za ta ba shi tsoro a jarrabawar WAEC ko NECO ba.

Kayan aiki na bakin ƙofa

Kafin ka taɓa reza, zana motar a takarda ta fuska uku: gefe, gaba da sama, kowanne da awonsa a rubuce. Takardar lissafi mai gida-gida ta fi dacewa. Sannan ka tara kaya.

Kwalin sabulu ko na magani, mai santsi da ƙarfi, shi ne jikin mota. Totuwar kara ita ce ƙashin ciki, domin ba ta da nauyi kuma tana karɓar tsinke. Ɓawon kara da aka feƙe siriri yana yin ƙarafan da ke kewaye bayan mota. Tsinken tsintsiya ko waya ta zama sandar da ke riƙe tayoyi. Bututun biro da tawadarsa ta ƙare yana yin bakin igwa. Robar ruwa mai haske tana yin gilashi. Idan tankar yaƙi kake so, samo katon ɗin taliya, ka ɗan jiƙa fuska ɗaya ka ɓare ta a hankali. Abin da zai bayyana a ciki mai tudu da kwari, shi ne sarƙar da tanka ke tafiya a kai. Wajen mannawa, farin gam na kafintoci ya fi, in babu shi ƙaro da aka jiƙa ya yi kauri yana riƙe kwali da takarda.

Wace mota za ka kwaikwaya? Ba sai ka je nesa ba. A Disamban 2019 aka ƙaddamar da motar sulke mai suna Ezugwu a Kaduna, wadda hukumar ƙera kayan yaƙi ta ƙasa, DICON, ta yi tare da injiniyoyin sojan Nijeriya. Ita DICON ɗin tun 1964 aka kafa ta. Hotunan motar suna cikin jaridu da intanet. Irin waɗannan motoci suna da daɗin kwaikwayo da kwali, domin jikinsu duk shafaffun fuskoki ne da kusurwoyi, babu lanƙwasa da yawa. Ka lura da yadda suke da tsayi daga ƙasa. Yawancinsu ana yi wa cikinsu ƙira kamar harafin V, don idan nakiya ta tashi a ƙarƙashi ƙarfinta ya watse gefe, kada ya bugi waɗanda ke ciki. Wanda ya tsaya kwaikwayon abu, dole ya tambayi dalilin kowace kusurwa.

Fenti da sa wa mota tsufa

Sabuwar mota fes ba ta kama da ta gaske. Motar da ta yi wata guda tana zirga-zirga tsakanin Gwandu da ƙauyukanta tana ɗauke da tarihin hanyar a jikinta. Wannan tarihi shi ake so a fito da shi, kuma mataki-mataki ake yi.

Da farko shafa wa jikin duka farin gam da aka sirka da ruwa, ka bari ya bushe, don kada kwali ya sha fenti ya kumbura. Sai launin tushe, ruwan ƙasa mai haske ko kore mai duhu. Shafa biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri. In kana son zanen ɓad-da-kama, ɗora faci-faci na launi biyu a kai, ka bar gefensu ba a miƙe ba.

Bayan ya bushe sarai, dama ɗan baƙin fenti ko garin gawayi da ruwa mai yawa, ya zama kamar ruwan wanki. Ɗiga shi a layin ƙofofi da kewayen ƙusoshi da duk wani lungu, ka goge abin da ya malalo. Nan take inuwa za ta fito. Sai ka ɗauki busasshen burushi, ka taɓa fenti mai haske, ka goge shi a tsumma har ya kusa ƙarewa, sannan ka shafa a kan kusurwoyi. Inda fenti ke ɓarewa saboda hannu da takalmi, kamar matakala da bakin ƙofa, taɓa wurin da ɗan guntun soso. Goga bakin fensir a gefen sarƙa, za ta yi ƙyallin ƙarfe.

Ƙura kuwa, babu wanda ya fi mu ita. Masu wannan aiki a Turai kuɗi suke sawa su sayi garin launi a 'yar kwalba. Mu sai mu tankaɗe ƙasar ƙofar gida. Amma a lura, ƙura iri-iri ce. Ta hunturu fara-fara ce, mai laushi kamar gari, tana sauka daga sama ta kwanta a kan rufi da gilashi. Ta hanyar marmara ja ce, taya ke watso ta daga ƙasa, don haka ta fi yawa a bayan tayoyi da ƙasan ƙofa. Taɓon fadama na damina baƙi-baƙi ne, yana manne wa taya dunƙule-dunƙule. Zaɓi ɗaya ka tsaya a kai. Motar da ke da ƙurar hunturu a sama da ɗanyen taɓon Agusta a ƙasa, duk manomi zai gane ƙarya ce. Tsatsa kuma tana farawa ne daga inda ruwa ke kwanciya, ta gangaro ƙasa siriri. Garin jan bulo da ɗigon gam ya isa.

Gargaɗi ɗaya daga abin da ya same mu: kada ka sirka fenti da fetur, musamman idan akwai farin soson da ake naɗe rediyo ko talabijin da shi a jikin aikinka. Mun gwada, muna kallo rabin tankarmu ya narke. Ga kuma haɗarin gobara da warin da ke sa ciwon kai. Fentin ruwa ya wadatar. Reza kuma a riƙa yanka da ita ana nesanta ta daga jiki, a ɓoye ta daga ƙanne.

Inda wasa ya tsaya

Dole mu faɗi wannan a fili. Motar soja a jiharmu ba abin kallo ba ce kawai. Ba mu manta da ranar 17 ga Yunin 2021 ba, lokacin da 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri suka kwashe ɗalibai. Waɗanda ke cikin motocin nan 'ya'yan wasu ne, wasunsu ba sa dawowa gida. Saboda haka kada ɗayanku ya je shingen bincike ko ƙofar bariki yana ɗaukar hoto ko yana zane da sunan neman samfuri. Zai jawo wa kansa da iyayensa tambayoyin da ba su shirya amsawa ba. A tsaya kan hotunan da aka riga aka buga. Haka nan kada a ƙera bindiga mai girman ta gaske, ko ta kara ce. Da magariba, daga nesa, babu mai iya bambancewa.

Wanda kuma ransa bai kwanta da kayan yaƙi ba, ko iyayensa ba su so, duk abin da muka faɗa yana aiki a kan motar ɗaukar albasa ta Aliero, ko tarakta, ko motar asibiti.

Ina amfaninsa?

Mun san za a ce wa wasunku wannan shiririta ce, ku tashi ku ɗauki littafi. Ku amsa da ladabi, sannan ku ba da labarin Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato. A kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kebbi, wadda yanzu ake kira Waziri Umaru, ya karanta zanen gine-gine. Daga nan ya tafi birnin Detroit na Amurka ya koyi zanen motoci, ya kama aiki da kamfanin General Motors a 1994. Shi ya zana siffar motar gwaji ta Chevrolet Volt da aka nuna wa duniya a 2007, kuma a 2017 aka naɗa shi shugaban hukumar tsara da bunƙasa ƙera motoci ta Nijeriya. A irin kamfanonin da ya yi aiki, kafin a narka ƙarfe ko guda, sai an zana mota a takarda, an gina ƙaramarta da yumɓu a kan ma'auni, an duba ta ta kowace fuska.

Ba mu ce duk mai motar kara zai zama Jelani ba. Abin da muka gani shi ne, wayar hannu da motocin roba na kasuwa suna ta cinye wannan sana'a ta yara, ƙannenmu da yawa ba su taɓa feƙe kara ba. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliero da Jami'ar Tarayya da ke kan hanyar Kalgo suna jiran ɗaliban da suka iya karanta zane, suka iya awo, suka san cewa santimita ɗaya tana iya ɓata aikin kwana uku.

Ga aikin da muka ba ku kafin hutu ya ƙare. Ku haɗu ku uku ko huɗu. Ku nemi izinin wani mai mota ko mai a-daidaita-sahu a unguwarku, ku auna ta da tef ɗin tela, ku rubuta. Ku zaɓi ma'auni daga tayar da kuke da ita. Idan kun gama, ku kai wa malaminku na fasaha ko na lissafi ya sa rula ya duba, sannan ku aiko mana da hoton motar tare da takardar awonta. Wadda awonta ya fi daidai ita za mu buga a wannan shafi, ko da fentinta bai kai na sauran kyau ba.