Nauyi a dubura da ciwon ƙashin wutsiya: Shin kullum basir ne?

Mutane da dama da suka haura shekara 40 kan yi fama da wani nauyi ko matsi a cikin dubura, wani lokaci haɗe da ciwo a can ƙarshen ƙashin baya, ba tare da sun san musabbabinsa ba.

Wasu kan ce ji suke yi kamar sun zauna a kan ƙwallo, wasu kuma kamar bayan gida bai gama fita ba, ko da yanzu suka fito daga makewayi. Abin ya fi tsananta idan an daɗe a zaune, a ofis ne ko a mota ko a kan babur.

A ƙasar Hausa, kusan duk wata larura da ta shafi wannan wuri sunanta ɗaya, wato basir. Da zarar mutum ya kai kuka ga aboki ko ɗan'uwa, sai a nuna masa mai maganin gargajiya, ko a sayo masa jiƙo a tasha.

Sai dai a wajen likitoci, basir ɗaya ne kawai daga cikin abubuwa masu yawa da kan haifar da wannan yanayi. Akasarinsu ba su da haɗari kuma suna jin magani, amma akwai ƙalilan da jinkiri a kansu kan kai ga asarar rai.

Abin da basir ke yi

Basir a likitance kumburi ne na jijiyoyin jinin da ke bakin dubura da kuma ɗan cikinta. Yawan nishi a makewayi, da taurin bayan gida, da juna biyu, da daɗewa a tsugune na daga cikin abubuwan da ke jawo shi.

Alamominsa sanannu ne: jini ja mai haske bayan an yi bayan gida, da ƙaiƙayi, da tsiron da kan leƙo waje. Idan tsiron ya sauko yakan sa mutum ya ji wurin a cike, idan kuma jini ya daskare a cikinsa yakan yi zafi ƙwarai na 'yan kwanaki.

Amma basir na ciki galibi ba ya ciwo, kuma ba a san shi da haddasa ciwon ƙashi ba. Don haka wanda ya shafe watanni yana jin nauyi can ciki, ga ciwo a ƙarshen baya, babu jini babu tsiro, akwai yiwuwar maganin da yake sha bai dace da larurarsa ba.

Me ya haɗa dubura da ƙashin baya?

A can ƙarshen ƙashin baya akwai wani ɗan ƙashi mai tsini da ake kira ƙashin wutsiya, wanda ɗaliban hadisi suka sani da sunan ajbuz zanab. Gaɓoɓi ne ƙanana guda uku zuwa biyar, galibi huɗu, kuma yana bayan dubura ne daf da ita.

A jikin wannan ƙashi ne wasu daga cikin tsokokin ƙasan ƙugu suke maƙale. Tsokokin sun shimfiɗu ne kamar majanyi daga ƙashin mara zuwa ƙashin wutsiya, su ne ke tallafe da mafitsara da dubura, da kuma mahaifa a jikin mace.

Saboda wannan kusanci, da kuma jijiyoyin saƙo da suke tarayya a kai, matsalar da ta taso a ɗaya sai a ji ta a ɗayan. Tun a shekarun 1930 wani likitan fiɗa a Amurka mai suna George Thiele ya nuna cewa da yawa daga cikin masu kukan ciwon ƙashin wutsiya, ƙashin nasu lafiyarsa ƙalau, tsokokin da ke kewaye da shi ne suka ɗaure.

Ɗaurewar tsoka

Wannan ɗaurewa na daga cikin abubuwan da likitoci ke yawan samu idan gwaje-gwaje ba su nuna wata cuta ba. An fi ganinta a tsakanin masu shekara 30 zuwa 60, kuma ta fi yawa a mata.

Ƙa'idojin da ƙwararru kan cututtukan ciki suka sabunta a 2016, waɗanda ake kira Rome IV, sun siffanta ta da ciwo ko nauyi a dubura da kan ɗauki minti 30 ko fiye. Yakan ƙaru a zaune, ya ragu idan an miƙe ko an kwanta, kuma idan likita ya danna tsokar da yatsa mutum zai ji ainihin ciwon da ke damunsa.

Akwai kuma wani nau'in da kan zo farat ɗaya kamar sukar mashi, sau da yawa cikin dare, ya ɗauki daƙiƙoƙi ko 'yan mintoci sannan ya ɓace. Yana firgita mutane, amma ba ya yin wata illa ga jiki.

Larurar tana da magani. Wani bincike da aka gudanar a Italiya kan marasa lafiya 157, wanda aka wallafa a 2010, ya gwada hanyoyi uku. A cikin waɗanda aka tabbatar tsokarsu na ciwo idan an danna, kashi 87 cikin 100 sun sami sauƙi bayan an koya musu sassauta tsokar da taimakon wata na'ura mai nuna motsinta. Waɗanda aka yi wa magani da lantarki kashi 45 ne suka sami sauƙi, waɗanda aka yi wa tausa kuma kashi 22.

Ba kowane asibiti ne ke da wannan na'ura ba, amma likitocin gashi da motsa gaɓoɓi na koyar da hanyoyin numfashi da sassauta tsoka da kan taimaka.

Idan ƙashin ne da kansa

Wani lokaci kuma ƙashin ne ya sami rauni. Faɗuwa a kan ɗuwawu, da haihuwa mai wahala, da daɗewa a kan benci ko sirdin babur a hanya mai gargada duk sukan jawo hakan. Ƙiba na ƙara wa ƙashin nauyi, ramewa cikin gaggawa kuma na rage kitsen da ke kare shi.

Mata sun fi maza kamuwa da wannan ciwo da kusan ninki biyar.

Ana gane shi ne da cewa mutum zai iya ɗora yatsa a daidai inda ke masa ciwo. Ya fi zafi idan an zauna an jingina baya, da kuma a daidai lokacin da ake miƙewa daga zaune.

Sau da yawa hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna komai. Shi ya sa a shekarun 1990 wani likita a Faransa, Jean-Yves Maigne, ya fito da dabarar ɗaukar hoto biyu, ɗaya a tsaye ɗaya a zaune, domin a ga ko ƙashin na gocewa idan nauyin jiki ya hau kansa.

Kimanin tara cikin goma na masu wannan ciwo kan warke ba tare da tiyata ba, ko da yake abin kan ɗauki makonni ko watanni. Wasu ana yi musu allura a wurin, cire ƙashin kuwa shi ne mataki na ƙarshe.

Maza da mata

Ga maza, akwai wani ƙullutu a ƙarƙashin mafitsara da ake kira furostet, wanda ke jingine da bangon dubura ta gaba. Kumburinsa kan sa mutum ya ji nauyi tsakanin maraina da dubura, galibi tare da zafin fitsari ko yawan fitarsa, ko ciwo bayan saduwa da iyali.

Ga mata, haihuwa da yawa da kuma ɗaukewar al'ada kan raunana tsokokin ƙasan ƙugu. Mahaifa na iya saukowa, ko kuma dubura ta turo bangon da ke tsakaninta da gaban mace, sai a riƙa jin kamar wani abu zai faɗo, musamman da yamma bayan an wuni a tsaye. Ƙari a mahaifa ma kan danne dubura idan ya girma ta baya.

Taurin bayan gida na tsawon lokaci shi kaɗai ya isa ya haifar da nauyin. Haka nan atini, da nau'in tsargiya mai kama hanji wanda ake ɗauka a rafuka da madatsun ruwa, kan sa mutum yawan nishi da jin bai gama ba. Maruru a gefen dubura kuwa yakan zo da zugi da zazzaɓi, kuma sai an fasa shi a asibiti.

Alamomin da ba a jinkiri a kansu

Babban abin da likitoci ke tsoro shi ne ciwon dajin babban hanji da dubura, domin a farkonsa yakan yi kama da basir. Ƙarin da ya tsiro a dubura kan sa mutum ya ji wurin a cike ko da babu komai, ya kuma riƙa zubar da jini kaɗan-kaɗan.

Alƙaluman cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a 2022 kimanin mutum miliyan 1.9 ne suka kamu da wannan cuta, fiye da 900,000 kuma suka mutu. Ita ce ta uku a yawa cikin cututtukan daji a duniya.

Ganin yadda take ƙaruwa a tsakanin masu matsakaicin shekaru, a 2021 kwamitin ƙwararru da ke ba da shawara kan rigakafi a Amurka ya rage shekarun fara gwaji daga 50 zuwa 45.

A Najeriya, likitocin fiɗa sun daɗe suna kokawa kan cewa akasarin masu cutar kan isa asibiti ne bayan ta yi nisa. Wani bincike da likitocin Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife suka yi tare da takwarorinsu na Amurka, wanda aka wallafa a 2018, ya duba masu shekara 45 zuwa sama da ke zubar da jini ta dubura. An gano cewa waɗanda ke ramewa, kuma yanayin bayan gidansu ya sauya, su ne aka fi samu da ciwon dajin.

Don haka ake shawartar mutum ya ga likita ba tare da ɓata lokaci ba idan nauyin ya zo da jini ko majina a bayan gida, ko gudawa da taurin ciki da suka wuce mako uku, ko ramewa babu dalili, ko ƙarancin jini da kasala. Haka ma idan ciwon na hana barci ko yana ƙaruwa kullum, ko kuma wani a cikin iyaye da 'yan'uwa ya taɓa yin ciwon dajin hanji.

Akwai kuma alamar da ba a kwana da ita a gida: idan tsakanin cinyoyi da kewayen dubura suka daina jin taɓi, ko fitsari ya ƙi fita, ko bayan gida ya riƙa zuba ba da sanin mutum ba, ko ƙafafu suka yi rauni. Wannan na nuna an danne jijiyoyin da ke ƙasan laka, kuma jinkirin tiyata kan bar naƙasa ta dindindin.

Me ake yi a asibiti?

Kunya ce ke hana mutane da yawa zuwa, alhali gwajin farko ba ya wuce 'yan mintoci. Bayan tambayoyi, likita zai duba wurin, ya sa yatsa sanye da safar hannu ya taɓa bangon dubura da tsokoki da ƙashin, da kuma furostet idan namiji ne.

Mara lafiya na iya neman likita jinsinsa idan akwai, ko ya nemi wani ma'aikacin jinya ya tsaya a ɗakin.

Daga nan ne likita zai yanke shawarar ko za a yi gwajin jini da fitsari da bayan gida, ko hoton ƙashi, ko hoton MRI. Wanda ke da alamomin haɗari za a tura shi a leƙa hanjinsa da wani siririn bututu mai kyamara, gwajin da ake kira kolonoskofi, wanda ake yi a manyan asibitocin koyarwa da wasu masu zaman kansu.

Ganin basir a lokacin gwaji ba ya nufin an gama bincike, domin mutum na iya samun basir da wata cuta a lokaci guda.

Matakan da za a iya ɗauka a gida

Ga wanda likita ya tabbatar ba shi da wata cuta mai haɗari, zama cikin ruwan ɗumi na minti 10 zuwa 15 kan sassauta tsoka. Matashin zama da aka yanke bayansa yadda ƙashin wutsiya ba zai taɓa kujera ba na rage ciwo, haka ma miƙewa a ɗan taka lokaci-lokaci ga direbobi da ma'aikatan ofis.

Yawaita shan ruwa da cin wake da zogale da alayyafo da kuɓewa da gwanda, da hatsin da ba a surfe shi tas ba, na tausasa bayan gida. Ana kuma son a guji nishi da daɗewa a makewayi ana duba wayar salula.

Farasitamol kan rage ciwo. Magunguna irin su ibuprofen da diclofenac kuwa, masu gyambon ciki ko ciwon ƙoda ko hawan jini su nemi shawarar likita kafin su sha.

Game da jiƙe-jiƙen basir, da yawansu aikinsu shi ne sa gudawa. Mutum kan ji ya ɗan sake na kwana biyu ya ɗauka ya warke, alhali musabbabin na nan.

Shawarar likitoci ita ce, nauyi a dubura ko ciwon ƙashin wutsiya da ya wuce 'yan makonni bai tafi ba, musamman ga wanda ya haura shekara 40, a kai shi asibiti a duba kafin a raɗa masa suna. Ciwon dajin hanji da aka gano tun bai yaɗu ba, kusan tara cikin goma na masu shi kan rayu fiye da shekara biyar a inda ake da kulawar da ta dace.