Shurin Bindiga Da Maganinsa

Maharban Sakkwato sun daɗe da sanin bindiga tana shuri tamkar jaki. Gwargwadon ƙarfin da ya ingiza harsashi gaba, haka yake komowa ga kafaɗa, bisa ƙa'idar da Niyuton, masanin Ingila, ya rubuta a 1687. Mai tsoron shurin yakan runtse ido, ya raunata dabba, ta tsere ta zama mushe a dawa.

Matashin roba a gindin bindiga yana sassauta dukan. In babu, baduku ya ɗinka na jar fatar akuya, a cusa auduga. Ƙarfe mai huji a bakinta yana karkatar da hayaƙi gefe, sai dai amonsa yana ɓata ji. Mai adaka kuwa ya auna albarushi, domin cikawa kan fasa ta. Allah ya kiyaye, amin.