Jan Dizal: Arahar Da Ke Jawo Wa Direbobinmu Tara A Amurka Da Ingila

Idan maigidanki ko ɗanki ko ƙaninki yana cikin 'yan'uwanmu da ke jan tirela a Amurka, ko yana kai wa mutane saƙo gida-gida da motar ɗaukar kaya a Ingila, to batun yau na gidanki ne, ko da kuwa ba ki taɓa riƙe sitiyari ba. Kuɗin makarantar yara da na cefane da na maganin Hajiya, duk daga tankin wannan motar suke fitowa. Akwai kuwa wani mai da in aka same shi a cikin tankin, abin da za a aiko miki a ƙarshen wata yana iya tafiya gaba ɗaya wurin biyan tara.

A waɗannan ƙasashe man dizal, wanda muka fi sani da gas, kashi biyu ne. Matata ɗaya suke fitowa, aiki ɗaya suke yi a cikin inji. Bambancinsu haraji ne. Wanda ake zuba wa motar da ke hawa titi an ɗora masa cikakken haraji. Ɗayan kuma an yafe masa harajin ko an rage shi sosai, domin na injinan da ba sa cin titi ne, irin su taraktar noma da jirgin ƙasa da tukunyar ɗumama gida lokacin sanyi. Don kada wani ya sayi mai arahar ya zuba a mota, sai hukuma ta sa a rina shi ja tun daga ma'ajiya. A Ailan kore suke rina nasu. 'Yan'uwanmu na Ghana ba za su ji abin baƙo ba, domin man da gwamnati ke sayar wa masunta da rangwame shuɗi ake rina shi, saboda wannan dalilin dai.

Mu fara da Amurka. Harajin gwamnatin tarayya a kan galan ɗaya na dizal senti 24.4 ne, galan ɗinsu kuwa ya kusa lita 3.8. Kowace jiha kuma tana ƙara nata a kai. A Pennsylvania na jihar kaɗai ya haura senti 70. Dokar rina man ta fara aiki a farkon 1994, bayan an daɗe ana fama da 'yan kasuwar da ke sayen man ɗumama gida suna sayar da shi a matsayin na mota, harajin kuma ya shige aljihunsu. Hukumar tara haraji ta ƙasar, IRS, ita ke sa ido. Wanda aka kama da jan mai a tankin motar titi zai biya dala 1,000, ko kuma dala 10 a kan kowane galan, duk wanda ya fi yawa a cikin biyun. In aka sake kama shi, mafi ƙarancin tarar ya koma dala 2,000, karo na uku 3,000, haka za ta yi ta hawa. Harajin da ya guje wa kuma yana nan, sai ya biya.

Ɗauko wayarki ki buga lissafin da kanki. Tirela kan zo da tanki biyu, a ce tana ɗauke da galan 200. Abin da direba ya tsira da shi na harajin tarayya bai kai dala 49 ba. Tarar kuwa dala 2,000 ce. Wannan na tarayya ne kawai, domin jihohi da yawa suna da tasu tarar daban, kuma biyan ɗaya ba ya ɗauke ɗaya. Hausawa dai sun riga sun faɗa, araha ba ta ado.

Yadda ake kamawa ba shi da wuya ko kaɗan. Jami'i zai tsayar da mota a wurin auna nauyin manyan motoci, ko a bakin hanya, ko ya shiga harabar kamfani. Sai ya buɗe tanki, ya zura wani siririn bututu mai haske kamar tsinken shan lemo, ya zaro. Ido kaɗai ya isa. In ya ga ja ko ruwan hoda, sai ya ɗebi kaɗan a kwalba a kai ɗakin gwaji. Mai ƙin a duba tankinsa kuma tarar dala 1,000 ce ta daban, kuma ƙin ba ya hana a duba daga baya.

Abin da direbobi da yawa ke ruɗin kansu da shi shi ne wai in suka zuba jarka ɗaya suka cika da farin mai, launin zai ɓace. Ba ya ɓacewa. Ke da kike girki kin san abin da ɗigon kala ke yi wa tukunyar shinkafa. Rinin yana da ƙarfi, yana kama matatar man inji, kuma burbushinsa kan zauna a tanki bayan an sake shan mai sau da dama. Ƙari a kan haka, dokar ta ɗauki gauraya man don rage launinsa a matsayin laifi mai zaman kansa.

To yaya mutumin kirki, mai sallah da azumi, wanda bai taɓa ɗaukar allurar kowa ba, yake faɗawa wannan rami? Mafi yawa ba da niyyar sata ba ne. Wani sabon zuwa ne, ya tsaya gidan mai a ƙauyen manoma cikin dare, ya ga famfo biyu na dizal, ɗaya ya fi araha, ya nufi mai arahar kamar yadda kowannenmu zai yi a kasuwa. Doka ta wajabta a manna sanarwa a jikin irin wannan famfo cewa man rinanne ne, ba na titi ba ne, kuma akwai tara, amma da Turanci take, mutum kuma ya yi sa'a goma yana tuƙi. Wani kuma aboki ne mai aiki a wurin gine-gine zai ce masa akwai ragowar man katafila, ya kawo jarka. A biranen da ake ɗumama gidaje da mai, kamar New York inda 'yan zangon Ghana ke da yawa a unguwar Bronx, man da ke cikin tankin ƙarƙashin gida shi ma ja ne, kuma doka ɗaya ce ke kansa. Sai masu jan tirelar sanyi, ta nama da kayan lambu. Injin sanyaya kayan yana da tankinsa daban, kuma a Amurka an yarda a zuba masa jan mai. Tankin motar ne ba a yarda ba. Tiyo ɗaya, tankuna biyu kusa da juna, ga gajiya, kin ga inda matsalar take.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne mai motar kansa, wanda ya ci bashin banki ya sayi tirela, kowane wata yana biya. Shi ne kuɗin mai ke ci wa tuwo a ƙwarya, shi ne kuma ba shi da kamfanin da zai tsaya masa. Amma direban kamfani ma kada ya saki jiki. Dokar ta ce tarar tana hawa kan wanda ya sani, ko yake da dalilin sanin cewa man rinanne ne, kuma ma'aikacin da ya sa hannu da gangan ana iya bin sa bashin tarar tare da kamfanin. "Oga ne ya ce in zuba" ba ta fitar da mutum.

Akwai lokutan da hukuma kan ɗaga ƙafa. A watan Mayu na 2021, da masu kutse ta intanet suka tsayar da bututun mai na Colonial, mai ya yanke a jihohin kudu maso gabas, IRS ta dakatar da tarar na 'yan makonni a jihohin da abin ya shafa. Takan yi haka bayan mahaukaciyar guguwa ma, kamar yadda ta sha yi a Florida. Sai dai sassaucin yana da ranar farawa da ranar ƙarewa, yana da iyakar jihohi, kuma harajin senti 24.4 ɗin sai an biya. Saƙon murya da ke yawo a WhatsApp cewa "an halatta jan mai" yana iya zama labarin shekaru uku da suka wuce.

A Birtaniya abin ya fi tsanani ta wata fuskar, domin can motar suke kamawa. A watan Maris na 2022 an tsayar da harajin farin dizal a kan fam ɗaya da 'yan kai a kowace lita biyu, wato 52.95 na kwabon Ingila a lita, na ja kuwa 10.18. Mai motar kai saƙo da tankin lita 70 abin da zai rage bai fi fam 30 ba. In jami'an hukumar haraji da kwastan, HMRC, suka gwada tankin suka samu, suna da ikon tafiya da motar nan take, su ci tarar fam 250 kan amfani da man, wata 250 kan zuba shi, sannan su lissafa harajin baya har na shekara huɗu in suka ga alamar an daɗe ana yi. Mai maimaitawa ko mai yi wa jami'ai ƙarya yana iya tsintar kansa a kotu, har da ɗauri. Direban da aka ƙwace wa mota ranar Litinin, ko an mayar masa ranar Juma'a, aikin mako ya tafi, wataƙila da kwangilar gaba ɗaya.

Kuma tun 1 ga Afrilu 2022 an taƙaita waɗanda aka yarda su yi amfani da jan man a can. Masu gine-gine da masu tirelar sanyi sun fita daga ciki. An bar manoma da masu gandun daji da masu kiwon kifi da jiragen ƙasa da wasu 'yan tsiraru. Wanda ya yi aiki a Amurka ya koma Ingila kada ya tafi da tsohon saninsa.

Akwai kuma masu wanke man, musamman a kan iyakar Ailan ta Arewa, waɗanda ke cire launin da sinadarai su sayar da shi a matsayin fari, dattin kuma su jibge a bakin hanya da rafuka. Tun 2015 Birtaniya da Ailan suka ƙara wani sinadarin shaida da ido ba ya gani, wanki kuma ba ya fitar da shi cikin sauƙi. Wato man da wani zai kawo a jarka yana iya zama fari tas a ido, na'ura ta ce ja ne. Irin wannan man yana lalata famfon inji ma.

Ke da ke gida, ba sai kin zama bakanike ba. Tambaya ɗaya cikin hira ta isa: "Abban Ummi, man da kake sha duk na gidan mai ne? Kana ajiye rasit?" Rasit ɗin nan shi ne shaidarsa ranar da aka tsayar da shi. In zai sayi tsohuwar mota, musamman daga hannun manomi, ya leƙa tankin kafin ya biya. In kuma kuskure ya riga ya faru a gidan mai, kada ya hau titi da ita. Ya kira kamfaninsa ko bakanike a zuƙe tankin, a canza matatar mai, ya adana takardar aikin.

Yanzu bari in sa farar rigata, domin nan ne abin ya fi taɓa ni. Duk inda ake cinikin mai ta bayan fage, za ki tarar da jarka a gida da tiyon zuƙa. Mu da ke aiki a ɗakin yara mun san kananzir sarai: an zuba a gorar lemo an ajiye a bayan ƙofa, yaro ɗan shekara biyu ya taso da ƙishi ya kafa kai. To ki ƙaddara wannan man ja ne garau, a cikin gora mai haske. Wane yaro ne ba zai ce zoɓo ba ne? Dizal da kananzir dangin juna ne, kuma ɓarnarsu a huhu take. Abin da ya sauka ciki sau da yawa yakan wuce da ɗan tashin zuciya da gudawa. Ɗigon da ya kauce ya bi hanyar numfashi shi ne ke ƙona huhu ya kawo kumburi. Babba mai zuƙar mai da baki ta tiyo ma haka yake kamuwa, tari ɗaya ya isa.

In ya faru, kada ki sa wa yaro yatsa a maƙogwaro, kada ki ɗura masa manja ko madara ko ruwan gishiri. Na san abin da iyayenmu suka saba ke nan, kuma da kyakkyawar niyya suke yi, amma amai shi ne ke dawo da man ya tura shi huhu. Ki tuɓe masa kayan da man ya jiƙa, ki wanke fatar da ruwa da sabulu, ki zaunar da shi a inda iska ke shiga, ki ɗauki gorar ku tafi asibiti tare da ita. Mazauna Amurka suna da layin cibiyar kula da shan guba, 1-800-222-1222, dare da rana, kyauta. A Birtaniya 111 ne, in kuma numfashi ya fara wuya 999. Ko da yaron ya koma wasa kamar ba abin da ya faru, a kai shi. Tari da saurin numfashi da zazzaɓi da yawan barci suna iya ɗaukar sa'o'i kafin su bayyana, shi ya sa mukan riƙe yaro aƙalla sa'a shida muna duba numfashinsa kafin mu sallame shi.