Rembrandt: Mai Zanen Holan Da Ya Mayar Da Tagulla Jari

Duk ɗan kasuwar da aka miƙa wa sabuwar takardar sefa ko naira, sai ka ga ya shafa ta da yatsa domin ya ji kaushin tawada, don a nan ake gane ta gaske da jabu. Wannan kaushi kuwa daga ƙarfen da aka sassaƙa yake fitowa, kuma dabarar ta daɗe. Cikin gwanayenta babu wanda sunansa ya kai na Rembrandt, mutumin ƙasar Holan, wanda aka haifa a Leiden a 1606, ya rasu a Amsterdam a 1669.

Ga yadda aikin yake. Akan shafe fallen tagulla da kaki, mai zane ya yi zanensa a kai da allura. Sai a tsoma fallen cikin ruwan asid, ya cinye wuraren da allura ta buɗe kaɗai. Daga nan a cire kakin, a cusa tawada cikin ramukan, a goge sama, a ɗora takarda mai danshi, a matse da inji. Falle guda sai ya haifi hotuna masu yawa. Rembrandt ya yi irin wannan zane kusan 300, kuma su ne suka kai sunansa ƙasashen Turai tun yana raye, alhali shi bai taɓa barin ƙasarsa ba.

Abin da ya ja hankalinmu shi ne wayonsa na ciniki. Yakan buga kaɗan, ya koma ya gyara fallen, ya sake bugawa, masu tarawa kuma su nemi kowane bugu. Wasu yakan buga su a kan takardar Japan mai tsada, wadda jiragen fataken Holan ke kawowa. Wani zanensa na labarin Linjila, na wajen 1649, har laƙabi ya samu daga farashinsa: "Mai Gilda Ɗari". Duk da haka bashi ya ci ƙarfinsa. Gidan da ya saya gilda 13,000 a 1639 bai gama biya ba, a 1656 ya karye, aka yi gwanjon kayansa.

Bayan rasuwarsa fallayen suka yi ta sauya hannu. Tagulla tana da laushi, kowane matsi yana cin ta, saboda haka bugun baya ba ya kai na farko kyau ko daraja. A wajen 1775 wani mai suna William Baillie ya sami fallen "Mai Gilda Ɗari", ya sake sassaƙa shi, ya buga guda ɗari, sannan ya yanka shi gunduwa-gunduwa. Har yau mai saye a wannan fage sai ya dubi takarda da ƙarfin layi kafin ya zaro kuɗi.

Gadon da ya bar wa na baya shi ne sarrafa haske da duhu da tawada baƙa kawai. Goya na Sifen, wanda ya fitar da jerin zanensa 80 a 1799, ya yi nazarin aikinsa. Whistler na Amurka ya bi sahunsa a ƙarni na 19, Picasso kuma ya sa fuskar Rembrandt cikin nasa zanen tagulla a 1934. Gidan nan da bashi ya raba shi da shi kuwa, tun 1911 ya zama gidan tarihi, inda ake nuna wa baƙi yadda ake buga zanen.