Shin Ko Kun San? Daga Zauren Alƙali Zuwa Kotun Ƙoli

Hausawa kan ce shari'a saɓanin hankali. Amma in aka bi ta a tsanake, za a ga tana da ƙa'ida: alƙali ba ya hukunci da abin da unguwa ta sani, sai da abin da aka tabbatar a gabansa. Ga kaɗan daga yadda abin yake, da rawar da Zariya ta taka.

Shin ko kun san cewa Masallacin Juma'a na Birnin Zazzau, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarim, wajen shekarun 1830, an haɗa shi da zauren shari'a? Tun kafin Bature ya iso, Zazzau na da alƙalanta da muhutai, kuma har gobe akwai Unguwar Alƙali a cikin birni.

Shin ko kun san cewa ɗaya daga cikin littattafan da alƙalanmu suka fi dogara da shi, wato Tuhufatul Hukkami, a Andalus aka rubuta shi? Ibnu Asim, alƙalin birnin Garnaɗa da ke ƙasar Sifen ta yau, shi ya tsara shi. Da shi da Risala da Muhtasar na Halilu ake kafa hujja a mazahabar Malikiyya. A nan gida kuma, Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Liya'ul Hukkami a Kano, don koya wa masu mulki yadda ake hukunci.

Shin ko kun san cewa a kotun Musulunci ba lallai wanda ya riga kai ƙara ne ke ɗauke da nauyin hujja ba? Aikin alƙali na farko shi ne ya tantance wane ne mai da'awa, wane ne wanda ake da'awa a kansa. Mai da'awa shi zai kawo shaidu. Idan ya kasa, sai a juya wa wanda ya musa rantsuwa. A rikicin dukiya ana karɓar maza biyu, ko namiji ɗaya da mata biyu. Malikiyya ma ta yarda da shaida ɗaya haɗe da rantsuwar mai da'awa.

Shin ko kun san cewa tambaya guda ɗaya na iya rushe shari'ar da aka shekara ana yi? Kafin yanke hukunci, wajibi ne alƙali ya tambayi wanda hukunci zai hau kansa ko yana da sauran hujja ko suka a kan shaidu. Wannan shi ne i'izari. Kotunan sama sun sha soke hukunci don kawai an tsallake shi.

Shin ko kun san cewa shiru na iya cinye gona? A ƙa'idar hauzi, idan bare ya shekara 10 yana noma fili ko yana gini a kai, mai shi yana gari, yana gani, babu abin da ya hana shi magana amma bai tanka ba, to ba za a saurari da'awarsa ba. Tsakanin dangi wa'adin kan kai shekara 40, saboda kara da kawaici. Amma aro da haya da jingina ba sa zama mallaka, komai daɗewa.

Shin ko kun san cewa Turawa ba su rushe kotunan alƙalai ba? Jagoransu Lugga ya amince da su tun 1900, sai dai ya hana yanke hannu da makamantansa. Daga baya aka kasa kotunan En'e aji huɗu. Masu daraja ta ɗaya, irin kotunan manyan sarakuna, suna iya yanke hukuncin kisa, amma ba a zartarwa sai Gwamna ya tabbatar.

Shin ko kun san cewa shari'ar mutum ɗaya ta girgiza Arewa a 1947? Kotun Sarkin Gwandu ta yanke wa Tsofo Gubba hukuncin kisa bisa kisan kai. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta soke hukuncin, domin a dokar Turawa, wanda aka tunzura ya yi kisa ba a kashe shi. Sarakuna da malamai suka fusata, aka shafe shekaru ana ja-in-ja a kan wace doka ce a sama.

Shin ko kun san cewa kundin laifuka na Arewa, wato Final Kot, jikan dokar Indiya ne? A 1958 gwamnatin Sardauna ta kafa kwamitin masana a ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, tare da Mai Shari'a Muhammad Sharif na Pakistan, da Farfesa Anderson na Landan, da Shettima Kashim, da Peter Achimugu, da Alƙali Musa na Bida. Suka ba da shawarar a yi koyi da kundin Sudan, wanda shi kuma ya samo asali daga na Indiya na 1860. Sabon kundin ya fara aiki ranar 30 ga Satumba, 1960, ana gobe samun 'yancin kai.

Shin ko kun san cewa a maƙwabtan Tudun Wadan Zariya aka koya wa alƙalai wannan sabuwar doka? Makarantar Kongo, wadda ta fara da horar da akawuna a 1947, ita ta riƙa karɓar alƙalai daga lardunan Arewa don kwas. Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, Kongo ta zama gidan Tsangayar Shari'a, kuma can take har yau.

Shin ko kun san cewa a 1967 aka karɓe kotu daga hannun sarakuna? Mulkin soja ya soke kotunan sarakuna, kotunan yanki suka maye gurbin na En'e a 1968, albashin alƙali ya koma hannun gwamnati. A Jihar Kaduna, a 2001, zamanin Gwamna Ahmed Maƙarfi, aka sake fasali: kotunan shari'ar Musulunci a gefe guda, kotunan al'ada a ɗaya gefen, ga kuma majistare da Babbar Kotu.

Shin ko kun san cewa rikicin gado da aka fara a ƙaramar kotun Musulunci na iya kaiwa Abuja? Daga ita sai babbar kotun Musulunci, sai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha inda ƙadi uku ke zama, sai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tarayya, sai Kotun Ƙoli, inda alƙalai biyar ke zama, ko bakwai in batun tsarin mulki ne. Kafin 1963 kuwa, maganar ƙarshe a Landan ake yin ta.

Shin ko kun san cewa rinjaye ne ke yanke hukunci a kotunan sama? Wata mata mai suna Amina Lawal ta faɗi a kotun Bakori, ta faɗi a ta Funtuwa, amma ranar 25 ga Satumba, 2003, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Katsina ta sallame ta, alƙalai huɗu suka rinjayi ɗaya. Cikin dalilai har da 'yancinta na janye iƙirarin da ta yi.

Shin ko kun san cewa tsarin mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama gaban alƙali cikin kwana ɗaya, muddin akwai kotu a tazarar kilomita 40? Wanda ake tuhuma marar laifi ne sai an tabbatar, kuma in ba ya jin harshen kotu, tafinta kyauta ne. Dokar shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta haramta kama wani a madadin wani, ta kuma ce mace na iya tsaya wa mutum beli.

Shin ko kun san cewa Zariya ta ba Najeriya Alƙalin Alƙalai? Marigayi Muhammadu Lawal Uwais, haifaffen Zariya a 1936, ya shiga Kotun Ƙoli a 1979, ya shugabance ta daga 1995 zuwa 2006. Aloma Mariam Mukhtar, mace ta farko a wannan kujera a 2012, ita ma ta yi karatun ƙuruciya a Zariya da Wusasa.

Shin ko kun san cewa a Maraɗi abin ya sha bamban? Nijar ta gaji tsarin Faransa, amma doka ta ba sarakunan gargajiya ikon sulhu a rikicin gona da na iyali, kuma a shari'ar al'ada alƙali kan zauna da masana al'adar masu shari'ar.

Shin ko kun san cewa kotun sama ba ta cika sake kiran shaidu ba? Abin da aka rubuta a kotun farko take karantawa. Shaidar da ba a gabatar ba, da sukar da ba a yi ba, da wuya a karɓe su daga baya, kuma ɗaukaka ƙara na da wa'adi. Don haka wanda ke da shari'a a kotu ya faɗi duk hujjarsa tun a zaman farko, ya tabbatar an rubuta, sannan ya nemi kwafin hukunci da wuri.