Garin jan ƙarfe: amfaninsa da abin da ya kamata ka kiyaye

Jan ƙarfe ba baƙo ba ne a ƙasarmu. A shekarar 1353 matafiyin nan Ibn Battuta ya sauka Takadda, wadda masana ke danganta ta da kufan Azelik a jihar Agadas. Ya tarar ana narka shi cikin gidaje, ana zuba shi sanda-sanda, ana sayen nama da hatsi da itace da shi. A yau masana'antu sun ƙara masa wata siffa, wato gari mai laushi, kuma ko a Kornaka yana tare da kai ba ka sani ba.

Jan ƙarfe yana narkewa ne a zafin digiri 1,085. Idan ya narke sai a tsiyayo shi, a fesa masa ruwa mai ƙarfi, ya tarwatse ya zama gari. Akwai kuma hanyar yin sa da wutar lantarki. Daga nan akan zuba garin a mazubi, a danne shi da inji, a gasa shi da zafin da bai kai na narkewa ba, har ƙwayoyin su kama juna.

Dubi zoben da sandar fanka ke juyawa a cikinsa. Galibi kashi 90 cikin 100 jan ƙarfe ne, kashi 10 kuza. Da yake daga gari aka yi shi, cike yake da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, kuma tun a masana'anta ake shayar da shi mai. In sanda ta juya ya ɗumama, man ya fito. In ta tsaya, ya koma ciki. Kamfanin Chrysler na Amurka ne ya fito da irinsa a 1930. Saboda haka kada ka bari a jiƙa shi da fetur don a wanke shi, domin man zai fita, zoben ya cinye da wuri. Ɗigon mai mai tsabta ya ishe shi.

Ana kuma sa garin a wasu takalman birki, da ɗan baƙin dunƙulen nan da ke kai wuta cikin injin tayar da mota.

Abin da ya fi shafar mai kiwo shi ne wannan: tunkiya ba ta jure jan ƙarfe kamar sauran dabbobi. In tana cin sa kaɗan-kaɗan, yakan taru a hantarta makonni ko watanni ba tare da wata alama ba. Rana ɗaya sai ka ga idonta ya yi rawaya, fitsarinta ya yi ja har ya so ya yi baƙi, kafin kwana biyu ko uku ta faɗi. Wanda ya turke ragon Balami wata shida yana jiran kasuwar Layya ya san girman wannan hasara.

Don haka kada a goge jan ƙarfe ko tagulla kusa da turke, ko inda ake ajiye dusa da harawa. Kada ka ba tumaki abincin kaji na kamfani, domin yakan ƙunshi jan ƙarfe fiye da ƙarfinsu. Haka nan maganin feshin tumatir mai launin shuɗi ko kore, sau da yawa da jan ƙarfe ake haɗa shi. Kada ka zuba wa tumaki ruwa a bokitin da ka dama shi. Yaran da ke ƙona tsohuwar wayar lantarki don su cire jan ƙarfen ciki, a hana su, hayaƙin robar guba ne ga huhu. In ka ga alamun da aka ambata a jikin tunkiyarka, ka nemi malamin dabbobi a ranar, ka kuma nuna masa abin da take ci.