Malam, kar ka jira sakamakon ƙarshe

Yau da malamai masu kula da aji muke, irin na Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Gusau.

NCE shekara 3 ce. In makin ɗaliba na jimla ya gaza 1.0, gargaɗi ne, in bai gyaru ba sai kora. To malam, kira ta tun bayan gwajin farko. Ku duba rajistarta tare, kwas ɗin da ta faɗi shi za ta fara sakawa kafin sababbi.

Sannan ka tambaye ta: kuɗin mota daga 'Yandoto ne matsalar, ko tsoron hanyar Tsafe? Wata ba daƙiƙanci ke kayar da ita ba, rashin mai tambaya ne.

Mu haɗu a shiri na gaba.